Illar Wuce Kima Wajen Gishiri, Kanwa da Magungunan Ƙarin Jini

Jama'a, sanin kowa ne cewa jikin ɗan Adam ba ya rayuwa sai da abinci mai gina shi. Amma akwai waɗansu sinadarai da jiki ke bukatarsu kaɗan kawai, in suka wuce kima sai su koma cuta. Makasudin wannan jawabi shi ne a ja hankalin magidanta da iyaye mata a kan uku daga cikinsu.

Na farko shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada abin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, wato cokalin shayi ɗaya wanda bai cika ba. Wannan lissafi ya haɗa da gishirin da ke cikin dunƙulen magi, da burodi, da kifin gwangwani, da yajin tsire. Gishiri yana riƙe ruwa a cikin jini. Idan ruwan ya yi yawa, sai zuciya ta riƙa aiki da ƙarfi fiye da yadda ta saba, daga nan hawan jini ya samu. Shi kuwa hawan jini yakan shekara yana ɓarna ba tare da mutum ya ji ciwo ba, har ranar da zai kawo shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda.

Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce, domin sinadarin da ke ta da hawan jini yana cikinta. A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan ruwan zafi. Saboda haka duk mai jegon da ta ga ƙafafunta sun kumbura, ko numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, a gaggauta kai ta asibiti.

Wannan ba ya nufin a daina cin gishiri ɗungum. Tun 1993 doka ta wajabta a sa sinadarin ayodin a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya don maganin maƙoƙo. Ɗan kaɗan ɗin da aka ambata ya isa wannan aiki.

Na biyu shi ne bitamin A. Yana kare ido da lafiyar yara, amma jiki ba ya fitar da rararsa ta fitsari, sai ya tara ta a hanta. In ya taru yana sa ciwon kai da amai, yana kuma iya nakasa jaririn da ke ciki. Ma'aikatan lafiya suna ɗiga wa yara shi sau ɗaya a wata shida, daga ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Kada a nemi ƙari kafin lokaci ya yi, kuma kada mai ciki ta sha shi sai da izinin likita.

Na uku shi ne ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe. Suna da amfani ƙwarai ga mai ciki, amma in ƙaramin yaro ya haɗiye su da yawa yana iya rasa ransa. A ajiye su inda hannun yaro ba zai kai ba. Haka kuma mai ciwon sikila da ake yawan ƙara wa jini kada ya sha su da ka, domin ƙarfen yana taruwa a hanta da zuciya.

Ana roƙon uwargida ta rage gishiri da magi sannu a hankali, ta ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Cikin 'yan makonni harshe zai saba. Maigida kuma ya riƙa zuwa awon jini tare da iyalinsa, ko da ba wanda ke jin ciwo. Rigakafi dai ya fi magani.