Waiwaye Adon Tafiya: Amurka, Fasistanci da Jahilcin Masu Ilmi

(Laccar da aka gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai)



Wata hira da na saurara a hutun da ya wuce ita ce ta jawo wannan lacca. A wurin wani ɗaurin aure ne, wani babban ma'aikacin gwamnati mai digiri biyu yake gaya wa jama'a cewa tun ranar farko Amurka ta tsaya kai da fata tana yaƙar Hitila, kuma ba don ita ba da ya cinye duniya. Kowa ya yi ta gyaɗa kai, har da ni, domin ba ni da ta cewa. Da na dawo makaranta na shiga laburare, sai na tarar ba haka zancen yake ba.

Da farko, mene ne fasistanci? Shi ne mulkin kama-karya irin wanda Musolini ya kafa a Italiya a 1922, Hitila kuma ya kafa a Jamus a 1933, watau shugaba ɗaya da jam'iyya ɗaya, a murƙushe ƙungiyoyin ƙwadago, a fifita wani jinsi a kan wani, a mai da yaƙi abin alfahari. Attajiran Amurka da yawa ba su ga aibin wannan ba, domin a ganinsu ga gwarzon da ya hana yajin aiki ya kuma toshe wa kwaminisanci hanya. A 1925 bankin J.P. Morgan ya shirya wa gwamnatin Musolini rancen dala miliyan 100, alhali an riga an kashe ɗan majalisar adawa Giacomo Matteotti tun 1924.

Mu 'yan Afirka, a Habasha abin ya taɓa mu. A watan Oktoba na 1935 Italiya ta auka wa wannan ƙasa da jiragen sama da tankoki, daga baya har da iskar guba. Majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani, mai zama a Janiba, ta sa wa Italiya takunkumi, amma ta tsame man fetur daga ciki. Ɗaya daga cikin hujjojin da aka kafa shi ne, Amurka ba ta cikin majalisar, ko wasu sun hana, ita za ta sayar. Haka kuwa aka yi. Dokar 'yan-ba-ruwanmu da Amurka ta kafa a 1935 ta hana sayar da makamai, amma ba ta hana mai ba. Shugaba Roosevelt ya roƙi 'yan kasuwa su kame hannunsu, suka yi kunnen uwar shegu, man da suke tura wa Italiya ma ƙaruwa ya yi. To, ina amfanin hana mutum bindiga alhali yana ƙera tasa, a kuma cika masa tankin jirgi? Adis Ababa ta faɗi a watan Mayu na 1936.

A wannan shekarar ce Janar Franco ya yi wa zaɓaɓɓiyar gwamnatin Sifen tawaye, Hitila da Musolini suna mara masa baya. Kamfanin Texaco, a ƙarƙashin Torkild Rieber, ya riƙa ba shi mai bashi har yaƙin ya ƙare a 1939, ita kuwa halattacciyar gwamnati aka hana ta sayen makamai daga Amurka.

A Jamus abin ya fi haka zurfi. Henry Ford, mai kamfanin motoci, ya fara buga jerin maƙalun ɓatanci ga Yahudawa a jaridarsa tun 1920, har Hitila ya ambace shi da yabo a littafinsa. A 1938 gwamnatin Nazi ta ba Ford babbar lambar girma, ya kuma karɓa. Shugaban IBM, Thomas Watson, ya karɓi tasa a 1937, bai mayar ba sai 1940, kuma na'urorin reshen kamfaninsa ne suka yi aikin ƙidayar jama'ar Jamus ta 1939. Kamfanin Opel, wanda ya ƙera wa sojan Jamus manyan motocin ɗaukar kaya, mallakar General Motors ne. Masana'antar Ford da ke Kolon kuwa da mutanen da aka tilasta wa aiki ta gudana a lokacin yaƙi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kada mu ɗauka ciniki ne kawai ya haɗa su. Lokacin da lauyoyin Nazi suke tsara dokokin Nuremberg na 1935, waɗanda suka haramta aure tsakanin Bajamushe da Bayahude, sun yi nazarin dokokin jihohin Amurka masu hana baƙi auren farare. Ranar 20 ga Fabrairu, 1939, mutum wajen 20,000 suka cika zauren Madison Square Garden a birnin New York, ga hoton George Washington ga tambarin Nazi a gefensa. Watanni kaɗan bayan haka jirgin ruwa mai suna St. Louis ya iso gaɓar Amurka da Yahudawa 'yan gudun hijira sama da 900, aka hana su sauka. Jirgin ya koma Turai, fiye da 250 daga cikinsu suka hallaka daga baya. Amurka ba ta shiga yaƙin ba sai da Japan ta kai mata hari ranar 7 ga Disamba, 1941, kuma Hitila ne da kansa ya ayyana yaƙi a kanta bayan kwana huɗu. Kafin wannan rana kakanninmu sojojin Nijeriya sun riga sun shiga Mogadishu da Harar a farkon 1941, suna korar sojan Musolini.

Adalci ya wajaba a nan. Amurkawa wajen 2,800 sun tafi Sifen don kansu suka yaƙi Franco. Baƙaƙen fata na unguwar Harlem sun tara wa Habasha gudummawa. Amurka ta rasa soja sama da 400,000 a yaƙin, kuma kayan da ta ba Ingila da Tarayyar Sobiyet sun yi amfani ƙwarai. Amma da yaƙi ya ƙare, sai ga ta ta kwashi masanan kimiyyar Jamus kamar 1,600, har da Wernher von Braun, ta ba su aiki. Ta ƙulla yarjejeniyar sansanonin soja da Franco a 1953. Ta zauna da Salazar na Fotugal a ƙungiyar NATO tun 1949, mutumin da sojansa suka zub da jinin 'yan Angola da Mozambik da Gini Bisau.

Yanzu sai mu juya ga jahilcin manya. A 2017 kakakin fadar shugaban Amurka ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce ko Hitila bai yi amfani da makami mai guba ba, alhali da iskar guba aka kashe ɗimbin Yahudawa a sansanoni. A maƙwabciyarta Kanada, a watan Satumba na 2023, 'yan majalisa duka suka miƙe suna tafa wa wani tsoho mai shekara 98, don an ce ya yaƙi Rasha a Yaƙin Duniya na Biyu. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa, wanda ya yaƙi Rasha a lokacin, a ɓangaren wa yake? Ashe tsohon sojan rundunar SS ne. Sai da shugaban majalisar ya yi murabus.

Yaya aka yi aka kai ga haka? A 1945 an tambayi Faransawa ƙasar da ta fi kowa karya Jamus, kashi 57 cikin ɗari suka ce Tarayyar Sobiyet, wadda ta rasa rayuka wajen miliyan 27, kashi 20 suka ce Amurka. Da aka maimaita tambayar a 2004, kashi 58 suka ce Amurka. Tarihin bai sake ba, sai dai finafinan da suka cika gidajen sinima a tsakani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu zauna a ofisoshi muna rubuta wa ministoci shawara, muna sa hannu a yarjejeniya da manyan ƙasashe da kamfanoninsu. Jahilcin mai digiri ya fi na kowa haɗari, domin shi ake saurara, kuma kuskurensa yakan zama manufar ƙasa. Wanda ya san labarin man Habasha ba zai ruɗu da daɗin bakin kowace babbar ƙasa ba, ta Gabas ko ta Yamma, sai ya duba inda ribarta take tukuna. Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu ta kafa da'irar nazarin tarihi, mu kuma shiga garuruwanmu mu rubuta abin da iyalan tsofaffin sojojin Habasha da Bama suka ji daga bakin iyayensu, tun kafin ya ɓace. Rashin sani ya fi dare duhu.