Aikin Gwajin da Ya Dace da Sabon Mai Koyon Rubuta Manhaja

 

A shekarar 2023 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, da burin horar da mutum miliyan 3 kan fasahar zamani. Buri ne mai kyau, amma tara jama'a a zaure daban, koyar da su daban. Shi ya sa zan taƙaita maganata kan abu guda: aikin gwajin da malami ke tanada tun ɗalibi bai zauna gaban kwamfuta ba. Ra'ayina shi ne kada a ba sabon shiga shafi fari fat a ce ya rubuta manhaja. A ba shi ƙaramar manhaja mai aiki, ya karanta, ya taɓa, ya ɓata, ya gyara.

Tela ba ya miƙa wa yaronsa almakashi da shadda ranar da aka kawo shi. Maɓalli zai fara sawa, sannan ya yi kalmasa, a jikin rigar da maigida ya riga ya yanka. Masana koyar da kwamfuta ma nan suka tsaya. A 2006, Dale Parsons da Patricia Haden a ƙasar New Zealand suka fito da wata dabara: a ba ɗalibi layukan umarni daidai amma a hargitse, shi kuwa ya jera su. Ta haka hankalinsa zai koma kan tsarin tunani, ba kan neman inda waƙafi ya ɓace ba. Daga baya Sue Sentance da abokan aikinta a Ingila suka tsara hanyar PRIMM mai hawa 5: ɗalibi ya yi hasashen abin da manhaja za ta yi, ya kunna ta, ya bincike ta, ya sauya ta, a ƙarshe ya ƙirƙiri tasa. Ku lura, ƙirƙira ce ta zo ƙarshe.

To wane aiki za a ba shi? Wanda ya san amsarsa tun daga gida. Mu ɗauki lissafin adashi a harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Malami ya rubuta layuka kamar 20: sunayen mutum 10, zubin naira 5,000 duk mako, da jerin kwasa. Kowa a zauren ya san mai kwasa zai ɗauki naira 50,000. In allo ya nuna wani adadi daban, ɗalibi ba ya bukatar malami ya gaya masa akwai kuskure. Daga nan sai a hau mataki-mataki: a ƙara mutum ɗaya, a cire ladan uwar adashi, a nuna wanda bai yi zubi ba. Kowane mataki da darasinsa guda, kuma ya ƙare da abin da ido zai gani.

Irin wannan aiki yana janyo manyan darussa da kansa. Ku sa ɗalibi ya haɗa 0.1 da 0.2 a Python, zai ga 0.30000000000000004, domin kwamfuta da lissafin sifiri da ɗaya take ajiye adadi. Nan zai gane dalilin da ya sa ake lissafa kuɗi da kwabo, a cikakken adadi. Ku sa ya jera sunayen 'yan adashin bisa haruffa, zai tarar Ɗanladi ya koma bayan Zainab, saboda lambar da tsarin Unicode ya ba harafin Ɗ ta fi ta Z girma. Gyara wannan aiki ne na gaske, kuma ba za ku cika samunsa a littattafan da aka rubuta don ɗaliban Amurka ba.

Saura kayan aiki. Idan wuni ya ƙare wajen sauke manhaja, malami ne bai shirya ba. Ku zo da Thonny a filas. A Jami'ar Tartu ta Estoniya aka gina shi don masu koyo, kuma yana tafe da Python a cikinsa. Kowane mataki ya samu foldarsa, da farkon aiki da kammalallensa, don wanda ya maƙale ya iya kamo 'yan'uwansa. Ku gwada komai a kwamfuta mafi rauni, intanet a kashe. Wanda waya kaɗai gare shi, manhajar Pydroid 3 za ta fisshe shi. Manhajar Git kuwa, duk amfaninta, a dakata da ita sai hannu ya faɗa.

Akwai kuma kunya, wadda ke hana ɗalibanmu ɗaga hannu. Masu horarwa na ƙungiyar Software Carpentry kan raba 'yan takardu masu manne kala biyu: ɗalibi ya liƙa ɗaya a murfin kwamfuta in ya gama, ɗayar in yana neman taimako. Ba sai ya yi magana ba.

Ma'aunin nasarar horonku shi ne yawan waɗanda za su koma gida su sauya manhajar ta dace da shagon mahaifinsu ko rajistar Islamiyyar unguwarsu, ba tare da ku ba. Da wannan nufi za ku tsara kowane aiki.