Koko Biyu: Tarihin Coco Pops da Dabarun Tallarsa



A Hausa muna da koko iri biyu. Akwai wanda ake damawa da gasarar gero, a sha da ƙosai da sassafe a Kanya Babba da Babura da ƙasar Kazaure. Akwai kuma wanda ake nomawa a Ondo da Kuros Riba, wanda da shi ake yin cakulan, wanda ko an dasa shi a Roni ba zai yi ba saboda ƙarancin ruwan sama. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba yadda na biyun, cikin kwali mai hoton biri, yake neman karɓe wa na farkon gurbi a gidan ɗan albashi.

Asalin abin daga Battle Creek ne, wani gari a Jihar Mishigan ta Amurka. A can ne wani likita, John Harvey Kellogg, da ƙanensa Will Keith suka gano dabarar dafa hatsi, a murje shi fale-fale, a gasa, don ciyar da majinyata. Likitan bai yarda da sukari ba. Ƙanen, wanda ya kafa kamfani a 1906, ya lura cewa abin ba ya shiga kasuwa sai da ɗan zaƙi. Saɓanin nan ya raba su, kuma ra'ayin ƙanen ne ya ci kasuwa. A 1928 kamfanin ya fito da gasasshiyar shinkafa mai kumburi, Rice Krispies. A 1958 ya shafa mata koko da sukari, ya kira ta Cocoa Krispies. Ita ce ta shiga Ingila a 1961, daga baya aka san ta da Coco Pops.

To, jama'a, shinkafa da sukari da ɗan koko ba wani abin al'ajabi ba ne. Abin da kamfanin ya ƙware a kai shi ne talla, kuma bai nufi mai kuɗin da ita ba, watau uba ko uwa. Yaro ya nufa. Shi ya sa aka zana biri mai suna Coco a jikin kwalin, aka riƙa sa tallar a talabijin a lokacin shirin yara, aka kuma yi ta nanata cewa yana mayar da madara ruwan cakulan. Wanda ya taɓa shiga kanti da ɗan shekara biyar ya san sauran labarin. Ku dubi ƙarfin suna kawai: a 1998 an sauya masa suna a Ingila zuwa Choco Krispies, alhali abin da ke cikin kwalin bai sauya ba, amma masu saye suka ƙi, har kamfanin ya shirya ƙuri'a, aka komo da tsohon suna a 1999.

A Nijeriya kuwa an riga an share masa fage. Bournvita da Milo sun daɗe da sabar wa harshenmu ɗanɗanon cakulan da safe, har teburin mai shayi a tasha. Kwalin karin kumallo ma ba baƙo ba ne a Arewa, domin kamfanin NASCO na Jos, wanda Ahmed Idris Nasreddin ya kafa a 1963 don saƙa buhunan algarara, ya zo ya shahara da Cornflakes na masara. Amma muddin daga waje ake shigo da Coco Pops, bai wuce manyan kantunan birni ba. A 2015 Kellogg ya ƙulla haɗin gwiwa da Tolaram, masu Indomie, ya biya dala miliyan 450 ya sayi rabin kamfaninsu na rarraba kaya, Multipro. A 2017 suka buɗe masana'anta a Lekki ta Legas. Ku lura da abin da aka saya da wannan maƙudan kuɗi: hanya ce, watau motoci da diloli da suka san kowace tireda. Sannan aka ɗura kayan a ƙananan leda, yadda wanda ba ya iya sayen kwali zai saya da canjin aljihunsa.

Akwai batun lafiya, kuma bai kamata mu yi masa riƙon sakainar kashi ba. Kafin 2018, kowane giram 100 na Coco Pops a Ingila yana ɗauke da giram 30 na sukari, kusan kashi ɗaya cikin uku. A shekarar nan kamfanin ya rage shi zuwa giram 17, bayan matsin lambar hukumomin lafiya. Ƙasar Cili ta fi zafafawa: daga 2016 ta hana sa zanen dabbobin talla a kan abincin yara mai yawan sukari. Gaskiya ne ana ƙara wa irin wannan abinci sinadarin ƙarfe da bitamin, kuma ga ma'aikaciyar da za ta sallami yara uku kafin ƙarfe bakwai, abin da ba ya bukatar hura wuta taimako ne babba. Ban raina wannan ba. Amma kunun gyaɗa ya fi riƙe ciki, kuma uwa ce ke auna sukarinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne rabon riba. Manomin Gwiwa yana sayar da geronsa da dawarsa a kwano, ko a buhu zuwa kasuwar Dawanau, a lokacin kaka da farashi ya faɗi. Ku auna abin da ke cikin kwali ɗaya, ku kwatanta kuɗinsa da na hatsi mai nauyinsa, bambancin shi ne ladan inji da leda da hoton biri, kuma ko sisi daga ciki ba ya dawowa ƙasar Kazaure. Hatsinmu ba ya rasa daraja a masana'anta. Da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dawar Arewa kamfanoni suka koma wa don yin tsiro, har da masu Bournvita. Garin kunu na gero da aka niƙa da tsabta, aka auna, aka liƙe, aka samo masa lambar NAFDAC, ba ya bukatar dala miliyan 450. Yana bukatar wutar lantarki, da rumbun da hatsi ba ya ruɓewa a ciki, da ɗalibin kimiyyar abinci da zai gwada tsawon kwanakin da garin zai yi bai lalace ba. Biyun farko suna hannun ma'aikatan da ke zaune a nan gaba, na ukun kuma yana hannun waɗanda ke kujerun baya.