Gyaran gida a Tunuga: wa za mu tambaya?



Katangar laka ba ta jiran sa hannu. In damina ta kayar da ita, ko kogin Isa ya cika ya cinye ta, dole a gyara. Amma izinin gyaran nawa ne? Waɗanne takardu? Bisa wace doka? A rubuta, a manna a ƙofar ma'aikatar magajin gari, mai ido ya gani.

A 2004 muka fara zaɓen ƴan majalisar gari. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa masu riƙo, kuma wanda ba ƙuri'a ta ɗora ba, ƙuri'a ba ta sauke shi. Abin da ya rage a hannunmu takardar shaidar biya ce. Kada ku miƙa ko dala sai da ita.