Wa Za A Rubuta A Matsayin Uwa?

An ɗauki ƙwan wata mace da maniyyin mijinta, an dasa a mahaifar wata, ta ɗauki cikin wata tara ta haihu. Ranar rajista, sunan wa ma'aikaci zai rubuta a gurbin uwa?

Ghana ta amsa wannan tambaya a dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 2020. Ma'auratan za su je Babbar Kotu cikin mako 12 da dasa ƙwan, su nemi umarnin da zai sa sunansu a takardar haihuwa. In ba su yi ba, wadda ta haihu ita ce uwa a rubuce, sai in sun je kotu kafin jaririn ya cika wata 6.

A Najeriya asibitoci na yin aron mahaifa, amma babu dokar tarayya a kai. Yarjejeniyar lauya ce kawai, ranar da aka saɓa kuwa, yaron ne a tsakiya.

Mafi yawan malaman Musulunci sun haramta wannan aiki, kuma hujjarsu ta kare nasaba tana da nauyi. To amma jaririn da ya riga ya zo duniya fa? Gadonsa, fasfonsa da makarantarsa duk suna rataye a kan takardar nan. 'Yan Majalisar Tarayya, ku zauna da malamai da likitoci ku yanke hukunci.