Wa'azi A Kan Mutum-mutumin Dakar Da Haƙƙin Sojan Da Ya Komo Gida

 Ya ku malamai da almajirai, ku kasa kunne ku ji labarin wani mutum-mutumi da ke birnin Dakar, ƙasar Senegal, domin akwai abin lura a cikinsa ga duk wanda haƙƙin wani ke wuyansa.

Ku sani, a shekara ta 1857 gwamnan Faransa mai suna Faidherbe ya kafa rundunar baƙar fata. Sunan Senegal aka sa mata, amma daga baya an ɗebi mutane daga dukan ƙasashen da Faransa ta mallaka a yammacin Afirka, har da Nijar. Sa'ad da Yaƙin Duniya na farko ya tashi a 1914, aka kai su Turai cikin sanyin da ba su taɓa gani ba, kusan 30,000 daga cikinsu ba su komo ba. Bayan yaƙi, a 1923, wani gwanin Bafaranshe mai suna Paul Ducuing ya zuba surar mutum biyu da tagulla, sojan Afirka da sojan Faransa tsaye kafaɗa da kafaɗa, aka kafa ta a tsakiyar Dakar. Mutane suka riƙa kiransu Demba da Dupont. Manufarta a ce wa mai wucewa: waɗannan biyu 'yan'uwa ne, jininsu ya zuba wuri guda.

To, shekara 21 bayan haka aka gwada wannan 'yan'uwantaka. Cikin yaƙin Hitila, Jamus ta kama sojojin Afirka masu yawa a 1940, suka yi shekara huɗu a tsare. Da aka sake su, aka sa wajen 1,300 a jirgin ruwa, suka sauka Dakar ran 21 ga Nuwamba 1944, aka ajiye su a barikin Thiaroye kusa da gari. Suka ce a biya su albashin shekarun da suka yi a tsare, da kuɗin sallama, kafin kowa ya kama hanyar garinsu, gama sun san wanda ya tafi ƙauye hannu wofi ba zai sake ganin mai biya ba. Ran 1 ga Disamba da safe, kwanaki kaɗan bayan Babbar Salla ta 1363, aka tara su a fili, aka buɗe musu wuta. Hukumar Faransa ta ce mutum 35 suka mutu, wata takarda tata kuma ta ce 70, masu binciken tarihi kuwa suna cewa ɗaruruwa ne. Sa'an nan aka ɗaure mutum 34 daga cikin waɗanda suka tsira da sunan tawaye. Duk wannan yana gudana Demba na tagulla yana tsaye a wurinsa, ana share masa ƙura.

Waɗanda suka isa gida ma ba su huta ba. A 1959 Faransa ta yi doka ta tsai da fanshon sojojin ƙasashen da ke neman mulkin kai a inda yake, ba ƙari, alhali na Bafaranshe yana hawa tare da tsadar kaya. Wani tsohon saje, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, amma ya riga ya rasu tun 1996. Ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai 2011. Haka kuma Abdoulaye Ndiaye, wanda ya yi yaƙin farko, ya rasu a ƙauyensu cikin Nuwamba 1998, ana gobe za a rataya masa lambar girma. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa Macron ya rubuta cewa abin da aka yi a Thiaroye kisan gilla ne. Wannan shi ne ihu bayan hari.

Ita surar kuwa, an cire ta a 1983, aka kai ta maƙabartar Bel-Air, don wasu na ganin tana tuna musu da bauta. A 2004 shugaba Abdoulaye Wade ya mai da ita gaban tashar jirgin ƙasa, don wasu na ganin girmamawa ce ga kakanni. Ku duba, tagulla ɗaya ce, kowane mai mulki yana sa mata maganar da yake so, ita kuwa ba ta musu. Mai rai shi ke musu, shi ke cewa ina kuɗina, shi ya sa girmama tagulla ya fi sauƙi.

Idan wani ya ce, ai mu ba ruwanmu da wannan, tun da malamanmu sun hana sassaƙa surar mai rai, sai mu ce masa: gaskiya ne sun hana, kuma ba mu kira a kafa ba. Amma wanda bai kafa sura ba, bai kuwa biya haƙƙi ba, da me ya fi su? Su sun bar abin da zai sa yaro ya tambayi ubansa, wane ne wannan? Mu kuwa ko tambayar ba mu bari ba.

Ina almajiri a Damagaram na san wani tsoho da ya yi wa Faransa soja. Ya komo ya tarar an raba gonar ubansa, matarsa ta yi wani aure don an ce ya mutu. Idan aka yi tsawa da damina sai ya shige ƙarƙashin gado, mu yara muna bin sa muna dariya, muna ce masa mahaukaci. Ba wanda ya gaya mana abin da idonsa ya gani. Ina roƙon Allah gafara a kan dariyar nan har yau.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, ga abin da ya wajaba a kanmu. Kowace unguwa tana da ɗan mazan jiya, ko matar da mijinta bai komo ba, ko marayun soja. Mai alƙalami ya rubuta musu takardar neman haƙƙinsu, ya raka su ofis, kada ya karɓi ko kwabo. Mai makaranta ya karɓi marayan ba kuɗin Laraba. Wanda ba ya barci da dare, mai firgita in ya ji ƙara, ku san ciwo ne da yake da magani, a yi masa addu'a a kuma kai shi asibiti, a hana yara tsokanarsa. Almajirai ku zauna gaban tsofaffin nan ku rubuta sunayensu da wuraren da suka je tun suna da rai. In jama'a na son abin tunawa a fili, a haƙa rijiya ko a gina ɗakin karatu, a rubuta sunayen a bango da kyakkyawan rubutu, amma bayan an biya bashi, gama alkawari kaya ne.

Allah ya jiƙan waɗanda suka mutu a Thiaroye, ya saka wa wanda aka zalunta, ya tsare mu da cin gumin wani. Amin.