Haƙƙin Inna da Gwaggo a Kanmu, a Raye da Bayan Rasuwa

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayarwa, Mai kashewa, wanda Ya ba mu aron rai har muka ga wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu sauraro, na birni da na karkara, yau mun zo muku da zuciya mai nauyi. A watan Sha'aban da ya gabata muka kai innarmu, ƙanwar mahaifiyarmu, makwancinta. Wannan ne azumi na farko da muka sha ruwa ba da kununta ba. Muna ambatonta ne saboda kusan kowane gida yana da irinta, kuma sau da yawa ba a sanin girman haƙƙinta sai an rufe ta da ƙasa.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mahaifiyarmu ta rasu muna ƙanana, ita ta kwashe mu ta kai ɗakinta. A farin 1973 da 1974, lokacin da rumbuna suka bushe, dabbobi suka faɗi, ta kan dama ɗan abin da ya samu ta miƙa mana, ta ce ita ta riga ta ƙoshi. Sai da muka yi hankali muka gane cewa da yunwa take kwana. Ita ta sayar da akuyarta ta ɗinka mana riga ranar saukar Alƙur'ani. Duk harafin da muka karantar a zaure yau, tana da rabo a ciki, in Allah Ya yarda.

Shari'a ba ta mance da irin wannan mata ba. Imamu Buhari ya ruwaito cewa a shekara ta 7 bayan Hijira, da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai bar Makka bayan umara, ƴar Sayyidina Hamza, marainiya, ta biyo su. Aliyu da Ja'afaru da Zaidu kowa ya nemi ya riƙe ta. Sai Annabi ya hukunta a ba Ja'afaru, domin matarsa ƴar'uwar mahaifiyar yarinyar ce, ya kuma bayyana cewa inna tana matsayin uwa. To, wanda aka ajiye a matsayin uwa, biyayya gare shi ba alfarma ba ce da za mu yi in mun ga dama.

Yanzu ga tambayar da ta hana mu barci. Mun sani daga hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa, sai ta hanya uku: sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Wadda ba ta haifa ba, wa zai ɗaga mata hannu a daren goman ƙarshe? Idan mu da muka ci daga tukunyarta muka yi shiru, sunanta ya shafe ke nan daga bakin masu addu'a.

Abin da ya hau kanmu game da magabatanmu a bayyane yake. Na farko, a binciki bashinsu a biya, domin Suratun Nisa'i ta gabatar da bashi da wasiyya a kan rabon gado. Na biyu, addu'a da sadaka, kuma malamai sun haɗu a kan cewa suna isa ga mamaci. Sa'adu ɗan Ubada sadakar ruwa ya yi wa mahaifiyarsa bayan rasuwarta. A ƙasa irin tamu, wadda mata ke yin nisa da tulu a ka, wanda ya gyara rijiyar gari da niyyar innarsa ya yi mata babban tanadi. Na uku, a riƙe waɗanda suke ƙauna. Annabi ya kasance yana yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Hadiza da nama bayan rasuwarta. Abdullahi ɗan Umar ya kyautar da jakinsa da rawaninsa ga wani baƙauye, don kawai mahaifin mutumin aminin Sayyidina Umar ne.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Muna ganin wanda bai taɓa aika wa gwaggonsa tiya ɗaya ta hatsi ba, amma ranar sadakar arba'in ya kafa rumfa, ya yanka sa, har ya ci bashi don a ce ya yi. Mu ma da muke magana ba mu kuɓuta ba. Sau nawa ta aiko a ce tana son ganinmu, muka ce sai bayan darasi, sai bayan damina? Yau ga lokacin, ita kuwa babu.

Saboda haka, kai da ke Yamai, ko Agadas, ko Arlit, ko can bakin teku wajen neman abinci, idan kana da tsohuwa a gida, inna ko gwaggo ko kaka, kada ka kwana yau ba ka ji muryarta ba. Aika mata da sukari da hatsi tun tana iya haɗiya. In da hali ka je da kanka, domin zumunci a ƙafa yake. Ka zaunar da ƴaƴanka ka koya musu sunayen kakanninsu, don su san wa za su ambata in mun bi bayansu.

Ya Allah, Ka jiƙan innarmu, Ka ciyar da ita kamar yadda ta ciyar da mu. Ka jiƙan iyayenmu da kakanninmu da malamanmu, da duk wanda ya rasu bai bar mai yi masa addu'a ba. Ka haskaka kaburburansu, Ka yafe mana sakacinmu, Ka kyautata namu ƙarshe. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.